Gidan da Ba Ya Jiran Wuta Kafin Ya Yi Sanyi

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ko Sakkwato a 'yan shekarun nan ya san irin ginin da ake yayi. Rufi mai tsini ya tashi sama da baƙin kwano, tagogin gilashi manya-manya, fili kuma an shafe shi da intalok tun daga bakin get har gindin katanga, ko tsiro ɗaya ba a bari ba. A ido gidan ya yi kyau. Amma a shiga ɗakin kwanansa da ƙarfe tara na dare a watan Afrilu, bayan an ɗauke wuta. Bango yana huci, silin yana huci, maigidan da ya kashe miliyoyi yana laluben tabarma ya fita waje, wajen ma intalok bai gama sakin zafin da ya sha tun hantsi ba.

Yawancin hotunan gidajen da muke gani a waya muna sha'awa, na ƙasashen sanyi ne. A Jamus, inda aka gina gidan farko na tsarin Passivhaus a birnin Darmstadt a 1991, babbar damuwarsu ita ce kada ɗumin ɗaki ya tsere. Shi ya sa suke toshe kowace kafa, su buɗe faffaɗan gilashi ta kudu don rana ta shigo ta ɗumama falo. Mu kuwa Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta kusan tsakar ka, a bazara ma'aunin zafi yakan taɓa 40, a Sakkwato da Yamai har ya wuce. Dabarar da ke rage musu kuɗin wuta, ita ce ke ƙara mana namu.

A da, mai hali yana rufe wannan kuskure da janareto. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma kai kuɗin yunit ɗaya na wuta naira 225 ga 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, lissafin ya canza. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya tana jan wat 1,000 ko fiye, fankar silin kuwa ba ta cika kai 80 ba. Ke nan na'ura ɗaya tana shan wutar fanka sama da goma. Gidan da fanka ta ishe shi a yawancin watannin shekara ya riga ya ci riba tun kafin a ɗora masa sola ko faifai ɗaya.

Wannan riba kuwa a ranar da ake auna fuloti ake samunta ko a rasa ta. Rana tana dukan bangon gabas da safe, ta koma ta gasa na yamma daga azahar zuwa faɗuwarta, kuma saboda a lokacin ta yi ƙasa, haskenta yana shiga taga kai tsaye. Don haka ake so tsawon gida ya kwanta daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli arewa da kudu, inda rana ke wucewa ta can sama, 'yar rumfa ko leɓen rufi ya isa ya tare ta. Kada a manta da bangon arewa: daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta, rana a Kano ta ɓangaren arewa take karkata da tsakar rana, shi ma yana son inuwa. Ɓangaren yamma kuma a ba shi ɗakunan da ba a daɗe a ciki, wato sito, banɗaki, matakala da garejin mota, su zama garkuwar ɗakin kwana. Wannan gyara bai ƙara buhun siminti ko ɗaya ba. Abin takaici, da yawa ba sa tambayar mai zanen gini komai sai yawan ɗakuna da inda falo zai kalli titi.

A gidan da ba bene ba, rufi ne babbar ƙofar zafi. Baƙin kwano yana haɗiye hasken rana, fari ko mai haske yana mayar da mafi yawansa sama. Zafin da ya taru tsakanin kwano da silin kuma, in ba shi da mafita, ƙasa zai sauko, komai tsadar POP ɗin da aka yi. Francis Kéré, mai zanen gini ɗan Burkina Faso, ya nuna maganin wannan a makarantar firamaren da ya gina wa ƙauyensu, Gando, a 2001. Ya yi azuzuwan da bulon ƙasa, ya yi musu silin na bulon ƙasa, sannan ya ɗaga kwanon can sama a kan ƙarafa, ya bar iska tana ratsawa tsakani tana kwashe zafin. Kwanon ya zarce bango sosai, yana ba shi inuwa, yana kare shi daga ruwan sama. Ginin ya sami kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker a 2022. Ba sai an kwaikwayi ginin duka ba. Ko 'yan kafofin iska masu raga a ƙarƙashin leɓen rufi da can ƙololuwarsa suna kawo bambanci.

Sai batun bango, inda za mu ɗan daɗe, domin a nan ne muka yar da abin da muke da shi. Wanda ya taɓa shiga soron Gidan Makama a Kano da tsakar rana, ko tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ya san sanyin da ake nufi. Katangar tubali mai kauri tana shan zafin rana a hankali, sai ta ɗauki sa'o'i kafin ya ratso ciki, lokacin gari ya fara sanyi. Bulon siminti mai rami, siriri, ba ya iya wannan riƙo. Sai dai a faɗi gaskiya, ginin ƙasa na da yana da nasa wahalhalu. Kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina, indararo ɗaya ya toshe sai soro ya jiƙe, azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu, tagoginsa ƙanana, ciki da duhu. Kuma zafin nan da bango ya riƙe, da dare yake sakinsa, shi ya sa mutanen da suke kwana a tsakar gida ko kan soro a bazara. Wanda ya guje wa ginin ƙasa yana da hujja.

Abin da masu zanen zamani suka yi shi ne gyara waɗannan lahani ba tare da barin ƙasar ba. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, a matse ta a inji ta fito bulo mai kusurwa daidai, a ɗora a kan tushen dutse ko kankare don kada danshi ya hau. Da irin wannan bulo Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka kammala rukunin gidaje shida na bene da ake kira Niamey 2000 a Yamai a 2016. A Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa, ita da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa, aka gama a 2018. Babu wanda zai kalli waɗannan gine-gine ya ce talauci ne ya sa aka yi su da ƙasa. Ni a ganina, babban abin da ke hana bulon ƙasa karɓuwa a garuruwanmu shi ne tsoron abin da dangi za su ce, sai kuma ƙarancin maginan da suka iya shi.

Gidajen Niamey 2000 sun riƙe wani abu kuma da muke ta yarwa, wato fili na iska a cikin gida. Tsarin da ake yayi yanzu yana dasa gini a tsakiyar fuloti, a zagaye shi da doguwar katanga taku biyu daga taga. Iska ba ta shiga, matan gida kuma ba su da wurin shan iska sai falo. Tsarin zaure da tsakar gida ya fi wannan hikima. Ɗakuna suna jingine da katanga suna kallon ciki, ana iya barin taga a buɗe dare da rana ba tare da idon baƙo ya faɗa ba, ga wurin girki, ga wurin shanya, ga wurin wasan yara. A sa wa kowane ɗaki taga a bango biyu, ɗaya ƙasa-ƙasa ɗaya can sama, da raga da ƙarfen tsaro, iska mai zafi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. A bazara a rufe tagogi da rana, a buɗe da dare. A dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma, nesa kaɗan da tushe saboda saiwa, a kuma bar wani sashe na fili da yashi ko tsakuwa maimakon intalok.

Ƙwan LED da firji mai tsimin wuta, kowa ya riga ya san amfaninsu. Sola ma alheri ce, amma ita ce ta ƙarshe a lissafi, domin girman inbata da yawan batir da za a saya, yawan zafin da gini ya bari ya shigo ne ke yanke su, kuma batir yana mutuwa a sake saye, inuwa kuwa sau ɗaya ake gina ta.

Mai shirin gini, kafin ka biya kuɗin zane, ka ɗauki mai zanen ku je fulotin da la'asar, ku tsaya ku ga inda rana take dukansa. Ka tambaye shi wane ɗaki ne zai sha wannan rana, ta ina zafin rufi zai fita, kuma ina itace zai tsaya. In bai da amsa, nemi wani.