Membranipora membranacea: Matsayinta a Rabe-raben Dabbobi da Siffofin Jikinta

1.0 Gabatarwa

Wanda ya ɗaga ganyen doguwar ciyawar teku a gaɓar Biritaniya ko Norwe, sau da yawa yakan tarar da wani farin shimfiɗi manne a jikinsa, kamar an liƙa masa ƙyallen leshi. Da ganin farko mutum zai ɗauka fumfuna ce. Amma abin ba haka yake ba, dubban dabbobi ne ƙanana suka yi gini wuri guda. Masana suna kiran wannan halitta Membranipora membranacea. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana matsayinta a rabe-raben dabbobi da siffofin jikinta, tare da nuna yadda siffofin suka dace da mazauninta.

2.0 Matsayinta a Rabe-rabe

Masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya fara bayyana ta a 1767, da sunan Flustra membranacea. Daga baya aka mayar da ita ƙarƙashin zuriyar Membranipora, wadda Bafaranshe de Blainville ya kafa a 1830. Kowane mataki na rabe-raben yana da dalilinsa a jikin dabbar, kamar haka:

Babban rukuninta shi ne Bryozoa, sunan da Bajamushe Ehrenberg ya raɗa a 1831 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar gansakuka da dabba. Ana kuma kiran rukunin Ectoprocta, domin duburar 'ya'yansa tana wajen da'irar hannuwan da suka kewaye baki. Ajinta shi ne Gymnolaemata, wanda kusan dukkansa mazauna ruwan gishiri ne. Sashenta kuwa Cheilostomata, wato masu murfi a bakin ɗaki. Danginta shi ne Membraniporidae, waɗanda saman ɗakunansu fata ce mai laushi.

3.0 Siffofin Jiki

Kowace dabba ɗaya tana zaune a cikin ɗaki mai kusurwa huɗu, wanda tsawonsa bai kai milimita ɗaya ba. Ɗakunan a jere suke, sahu-sahu, kamar tubalan gini, kuma hawa ɗaya ne tak. Bangon ɗakin an yi shi da sinadarin nan da ke cikin ƙwanson ƙwai, a kusurwoyinsa kuma akwai 'yan ƙulle-ƙulle gajeru. Saman ɗakin fata ce garai-garai, har ana hangen cikin dabbar da madubin ƙara girma.

Idan za ta ci abinci, sai jijiyoyi su ja wannan fata ƙasa. Matsin ruwan jiki ya ƙaru, murfi ya buɗe, hannuwa su fito su baje kamar mazurari. A jikin hannuwan akwai gashi ƙanana masu kaɗa ruwa zuwa baki, inda take tace ƙwayoyin tsirrai da ido ba ya gani. Da ta ji motsin haɗari sai ta koma ciki ta rufe murfi. Hanjinta a lanƙwashe yake kamar ƙugiya. Ba ta da zuciya, ba ta da huhu. Iska ta fatar jiki take shiga. Bugu da ƙari, akwai ƙananan kafofi a bango waɗanda suka haɗa kowane ɗaki da maƙwabtansa, ta nan abinci yake ratsawa zuwa bakin shimfiɗin, inda ake gina sababbin ɗakuna.

Siffar da ta fi muhimmanci ita ce wannan: a bangon gefe akwai gurabe da sinadarin bai taurara ba, sun zama kamar gaɓoɓi. Saboda haka idan igiyar ruwa ta lanƙwasa ganyen, shimfiɗin yakan lanƙwasa tare da shi ba tare da ya farfashe ba. Dalili ke nan da ya sa ta iya zama a kan ganyen ciyawa irin su Laminaria, masu kaɗawa dare da rana.

4.0 Haihuwa da Kariya

Ƙwanta yana ƙyanƙyashe 'yar tsutsa mai kusurwa uku da ake kira cyphonautes, wadda takan yi makonni tana yawo a ruwa tana ci. Idan ta sami ganye sai ta manne, ta rikiɗe ta zama ɗakuna biyu tagwaye. Daga waɗannan ne sauran suke tohowa, shimfiɗin yana faɗaɗa ta kowane gefe.

Abokan gabarta su ne wasu katantanwar teku marasa ƙwanso. Masaniya Drew Harvell ta nuna cewa waɗanda ke gaɓar Amurka ta yamma sukan tsiro ƙayoyi cikin 'yan kwanaki idan suka ji alamar maharan a ruwa.

5.0 Illarta a Baƙon Wuri

A 1987 aka fara ganin ta a mashigin tekun Maine, a gabashin Amurka, daga nan ta kai Nova Scotia ta Kanada a shekarun 1990. A can takan lulluɓe ganyen ciyawar, ganyen ya yi rauni, guguwa ta kakkarya shi. Ta haka dazuzzukan ciyawar teku, waɗanda su ne mafakar kifaye da wasu halittu, suka ragu ƙwarai a wurare da dama.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa sunayen rabe-raben wannan dabba bayani ne na jikinta: wurin dubura, da murfi, da fatar sama. Mun kuma ga cewa bango mai lanƙwasa da tsutsa mai doguwar tafiya su suka ba ta damar mamaye ganyen ciyawa, a gida da kuma inda ta je baƙunta. Ashe gaskiyar Hausawa ne da suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.