Bindigar Farautar Barewa: Me Lambobin Nan Ke Nufi, Kuma Ina Dokar Najeriya Ta Tsaya?

Akwai wani abokina a Kara, nan kusa da gadar Berger, wanda in kasuwa ta lafa da yamma ba shi da aiki sai kallon bidiyon mafarautan Amurka a YouTube. Kakansa maharbi ne, don haka abin a jini yake. Makon jiya ya miƙo min waya ya ce, "Don Allah kai da ka yi boko, mece ce wannan .308 da suke ta faɗa? In na samu kuɗi irinta zan saya." Na ce ya ba ni kwana biyu. Da na gama bincikawa sai na ga gara in rubuta a nan, domin na san ba shi kaɗai ba ne a Agege da Sabon Ibadan da Shagamu yake wannan kallo yana wannan lissafi.

Mu fara da dabbar, don ita ce ke zaɓar bindiga. Abin da suke harbi a bidiyon muna ce masa barewa ne kawai saboda ba mu da wani suna, amma ba barewarmu ba ce. Tasu, wadda suka fi farauta, mai farar wutsiya ce, kuma namijin yakan kai kilo 70 zuwa sama da 100, wato kamar ɗan maraƙi mai jiki. Ni ɗan mai shanu abin da ya fi ba ni mamaki ƙahonsa ne: yana da rassa kamar itace, kuma duk shekara faɗuwa yake yi wani ya tsiro. Sa kuwa in ƙahonsa ya karye, ya karye ke nan. To duk shawarar da za ka ji Ba'amurke yana bayarwa, a kan wannan dabba yake bayar da ita, a irin filinsu, daga nisan yadi 100 zuwa 200.

Lambobin da suke kira kaliba faɗin harsashi ne, ko faɗin ramin bututun da yake bi. In ka ga ɗigo a gaba, kamar .243 ko .270 ko .308, awon inci ne, wato .243 bai kai rubu'in inci ba. In ka ga 6.5 ko 7.62, wannan milimita ne. Sunan da ke biye, irin su Winchester, yawanci na kamfanin da ya fito da harsashin ne. Ita kuma .30-06 da suke ji da ita, 30 ɗin faɗi ne, 06 ɗin kuma shekarar 1906 ce, lokacin da sojan Amurka suka fara amfani da ita. .270 Winchester ta fito a 1925, .308 a 1952, .243 a 1955, sai 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya kawo a 2007, ita ce yayin samarinsu yanzu. Dukkansu raifil ne, ma'ana cikin bututun akwai tsagi mai murɗewa da ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwa, shi ya sa yake tafiya nesa a miƙe. Bindigar toka da dabul-barel cikinsu sumul yake.

Wanda bai sani ba zai ɗauka mafi girma ita ce mafi kyau. A nan ne tsofaffin maharbansu ke taka wa sabon shiga birki, kuma ni na ga gaskiyarsu. Bindiga tana shuri. Duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, yana turo ƙotar baya zuwa kafaɗarka. Shurin .30-06 ya kai kusan ninki biyu na .243 in nauyin bindigogin ɗaya ne. Wanda ya taɓa shan shurin saniya wajen ɗaure ta ya san abin da ke biyo baya: gobe tun kafin ta ɗaga ƙafa jikinka ya riga ya zabura. Haka maharbi yake. In bindigarsa ta farko ta ba shi wuya, sai ya koyi runtse ido da fizgar kunama tun harsashi bai fita ba, kuma wannan ɗabi'a in ta kama mutum wuyar saki gare ta. Sakamakon shi ne harbi ya sauka a ciki ko a cinya, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a inda ba za a gan ta ba. An yi asarar nama, an kuma azabtar da ita a banza.

Shi ya sa ga mai farawa suka fi nuna .243 ko 6.5 Creedmoor, in kuma mutum mai ƙira ne da zai iya jurewa, .308. Wurin da ake nema a jikin dabbar bayan kafaɗa ne kaɗan, inda huhu da zuciya suke. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayankar Oko-Oba ya ga ana fiɗa ya san wurin. Faɗinsa bai wuce farantin cin abinci ba. Harsashin .243 mai nauyin giren 100, wato giram shida da rabi, in ya shiga nan ya gama aiki. Na .30-06 mai giren 180 in ya sauka a gindi bai yi komai ba sai ɓarna. Ma'aunin da suke ba sabon maharbi mai sauƙi ne: kafa faranti, ka ja baya. Nisan da za ka iya zuba harsashi a cikinsa kowane lokaci ba kuskure, nan ne iyakarka, ko da bindigar za ta iya kai ninkin haka.

Wajen ƙirar bindigar kuwa ba su cika gardama ba. Mai sakata suke zaɓa, wadda bayan kowane harbi sai ka ɗaga sakatar da hannu, ka ja baya kwanso ya fita, ka mayar wani ya hau. Ba ta da tarkace da yawa, ba ta cika lalacewa ba, tana kuma hana mutum ɓarin wuta. Ruger American da Savage Axis su ne masu araha, Tikka ta ƙasar Finland ta ɗara su tsada, Remington 700 kuma tun 1962 ake yin ta. Abin da suke dubawa ya zauna daidai a kafaɗa, yatsa ya kai kunama ba tare da miƙa wuya ba.

Sai madubin saiti, wanda ake ɗaurawa a saman bindiga. Za ka ga an rubuta 3-9x40 a jikinsa, kuma wannan shi ne wanda aka fi sayar wa mafarautan barewa. Ma'anarsa yana kusanto da abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, gilashin gaba kuma faɗinsa milimita 40 ne. Kuskuren sabon shiga shi ne ya murɗa shi zuwa 9 ya bar shi a nan. A ninki 9 abin da kake gani ɗan ƙaramin da'ira ne, rawar hannunka ma ta ninku sau 9, in dabba ta ɓullo kusa sai ka yi ta lalube ba ka gan ta ba. A kurmi a 3 ake barinsa. Akwai kuma tazarar da ke tsakanin ido da madubin, inci 3 zuwa 4, kamar faɗin yatsu huɗu. In ka manna ido, shurin farko zai buga maka bakin ƙarfen a gira, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wannan tabo.

Abin da na fahimta, a madubi ne ba a son rowa. Barewa da sassafe da dab da magariba take fitowa, lokacin da haske ya yi ƙaranci, nan ne gilashin banza ke nuna halinsa. Mai arha kuma shuri na girgiza cikinsa har saiti ya goce ba ka sani ba. Bayan an ɗaura, sai an je fili an daidaita shi, yawanci a yadi 100, kusan mita 91, da ainihin irin harsashin da za a yi farautar da shi. In ka canja harsashi, sai ka sake.

To, duk wannan na Amurka ne, kuma ko a can ba haka kawai mutum ke saɓa bindiga ya shiga daji ba. Yawancin jihohi sai sabon maharbi ya yi kwas, ya yanki lasisi, a ba shi takardar da ta ƙayyade dabba nawa zai kashe, a lokacin da aka buɗe farauta kawai, galibi wajen Nuwamba. Jihohi da yawa suna tilasta sa riga ruwan lemo mai ƙyalli don kada a harbi juna. Tun 1937 akwai harajin da ake cirewa daga cinikin bindiga da harsashi ana kula da namun daji da shi. Wasu jihohin masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gonaki, irin su Ohio, ba su ma yarda a harbi barewa da .308 ko .30-06 ba, saboda harsashin da ya kuskure yana iya tafiyar fiye da kilomita 4. Mai bidiyo ba ya tsayawa faɗin wannan, don masu kallonsa na gida sun riga sun sani.

A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ita ce tushe, kuma ta kasa su uku. Kashi na farko haramtattu ne, sai da izinin shugaban ƙasa. A cikinsu ta lissafa raifil na soja masu awon milimita 7.62 da 9, da inci .300 da .303. Ku dubi lambobin nan da kyau. .308 ɗin da abokina ke so 'yar uwar harsashin sojan NATO ce mai 7.62, ramin bututun .30-06 kuma inci .300 ne cif. Wato waɗanda aka fi yabo a bidiyo awonsu ya faɗa kan lambobin da doka ta ambata da baki. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ba izini ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci. Fam-akshan da ake gani a hannun wasu 'yan banga ma ba ta cikin waɗanda aka sassauta.

Kashi na biyu su ne bindigogin farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, da raifil ɗin da awonsu bai shiga na soja ba. Lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, ba a kuma ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai matsalar ido, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ko wannan ƙofar ma, a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da cewa ta dakatar da bayar da sabon lasisi. Kashi na uku bindigar toka ce, mai ɗuri ta baki, ita kuma maganarta tana hannun kwamishinan 'yan sandan kowace jiha. Ka ga ke nan wadda muke ɗauka kayan gado ce ita ma doka ta san da zamanta.

Ko da babu doka, dajin nan na Kudu ba wurin madubi mai ninki 9 ba ne. Naman da maharban Yarabawa ke kawowa bakin titin Ibadan zuwa Ife, gada ce da gyazbi, jefi-jefi mazo. Gadar kurmi da ƙyar take wuce kilo 10. A cikin duhuwar da ba ka ganin taku 30 gabanka, kuma bayan kowane kurmi akwai gonar koko ko rogo da mutum a ciki, harsashin da ke tafiyar kilomita 4 masifa ce kawai. Gandun dajin gwamnatin tarayya kuma, irin Okomu a Edo da Old Oyo da na Kuros Riba, farauta a cikinsu laifi ne ko da wace irin bindiga.

Sai abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurinmu mazauna Kudu. A ƙarshen Maris na 2025, ana dab da ƙaramar Sallah, 'yan banga suka tare wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo. Mafarauta ne 'yan Kano a ciki, sun taso daga jihar Ribas za su gida. Aka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Allah ya jiƙansu. Laifin yana wuyan waɗanda suka yi kisan, babu wani uzuri. Amma ya nuna mana yadda ake kallon Bahaushe da bindiga a kan hanyar Kudu, a lokacin da kowane gari ke cikin tsoron masu satar mutane. Bature a bidiyo yana jefa tasa a bayan mota ya wuce, mu kuwa kafin a tambayi takarda an riga an yanke hukunci. Mai sana'ar farauta da gaske a nan yana bukatar Sarkin Hausawan garin ya san shi, ƙungiyar maharban yankin ta san shi, ofishin 'yan sanda mafi kusa ya san shi, takardunsa kuma su kasance a jikinsa. Tafiya mai nisa da bindiga a motar kaya, cikin dare, ta garuruwan da ba a san ka ba, ni dai ba zan ba ɗan uwana wannan shawara ba ko da takardarsa ta cika.

Jiya na koma wa abokin nawa da bayanin nan a gindin motar da ake sauke shanu. Da na zo kan shekara 10 sai ya yi shiru, can ya ce to shi madubin fa, shi kaɗai ba bindiga? Na ce in hangen nesa yake so ya nemi tabaron hannu mai ido biyu, ko ba komai zai riƙa gano motar Potiskum tun tana kan gada.