Yoga da Hawan Jini

Gabatarwa

Hawan jini cuta ce mai kisan mummuƙe. Mutum yakan yi shekaru da ita bai sani ba, sai ranar da ta taɓa zuciya ko ƙoda, ko ta jawo shanyewar ɓarin jiki. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan awon jinin mutum ya kai 140/90 ko ya zarce a ranaku biyu daban-daban, to yana da ita. Wannan takarda za ta duba irin taimakon da yoga ke iya bayarwa, da kuma inda taimakon ya tsaya.

Mene ne yoga?

Yoga tsohuwar tarbiyyar jiki da tunani ce da ta samo asali a ƙasar Indiya. Kalmar daga harshen Sanskirit take, kuma tushenta yana nufin haɗawa. Wadda ake koyarwa a yau ta ƙunshi abubuwa uku: tsayuwa ko zama iri-iri na miƙe gaɓɓai, sarrafa numfashi, da natsuwar zuciya. Mutane sun fi sanin na farko, saboda shi ake gani a hotuna. Amma ga mai hawan jini, biyun ƙarshe sun fi muhimmanci.

Yadda take aiki

Idan mutum ya shiga damuwa ko fargaba, jijiyoyin saƙo sukan sa zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin jini kuma su tsuke. Kamar dai ruwa ne a tiyo: in aka matse tiyon, ƙarfin ruwan sai ya ƙaru. Jan numfashi a hankali, kamar sau 6 a minti ɗaya, yana tayar da ɗaya ɓangaren jijiyoyin, wato mai kwantar da jiki. Sai bugun zuciya ya ragu, hanyoyin jini su saki.

Likitoci sun daɗe suna gwada wannan. A 1969, Dakta Datey da abokan aikinsa a birnin Bombay sun koya wa masu hawan jini shabasana, wato kwanciya rigingine a saki jiki gaba ɗaya, suka ga awon da yawa daga cikinsu ya sauka. A 2019 kuma, wani nazari a mujallar Mayo Clinic Proceedings ya tattara gwaje-gwaje 49. Ya nuna cewa yoga takan rage lambar sama da kusan 5, ta ƙasa da kusan 4. Inda aka haɗa da sarrafa numfashi da natsuwa, ragin ya kai kusan 11 da 6.

Abin lura

Ba kowace yoga ce ta dace da mai hawan jini ba. Ya guji tsayuwa a kan kai, da riƙe numfashi, da yoga da ake yi a ɗaki mai zafi. Babban haɗari kuwa shi ne mutum ya ga awonsa ya ɗan sauka ya ajiye magani. Wanda awonsa ya kai 170, ko an rage masa 11, bai fita daga haɗari ba.

Kammalawa

Yoga mataimakiya ce, kamar rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, da tafiya a ƙasa. Mai son farawa ya shawarci likitansa, ya ci gaba da shan magani, ya kuma riƙa auna jininsa a kai a kai.