3.4 Matsayin Waƙa Wajen Tara Gudummawar Yaƙi da Zazzaɓin Cizon Sauro a Birnin Kano

Kamar yadda aka yi bayani a babin da ya gabata, cikin birnin Kano wuri ne da sauro ke samun wurin hayayyafa. Kududdufan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, da kwatamin lunguna, da kuma rafin Jakara, duk suna riƙe ruwa, musamman daga watan Yuli zuwa Oktoba. A wannan lokaci ne asibitoci irin su Murtala da Hasiya Bayero kan cika da yara masu zazzaɓi. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya.

Tara kuɗi ta hanyar kiɗa daɗaɗɗen abu ne a wurin Bahaushe. Akwai al'adar ajo, inda akan gayyaci makaɗi, jama'a su taru, a yi ta liƙi, abin da aka samu kuma ya zama na wanda aka shirya taron dominsa. Wato makaɗi shi ne ke zuga mai hannu da shuni ya fitar da abin da ba zai fitar ba in da a ɓoye aka roƙe shi. Irin wannan hikima ce mawaƙin nan na Senegal, Youssou N'Dour, ya yi amfani da ita a Dakar a watan Maris na 2005, lokacin da ya tara mawaƙan Afirka, Musulmi da Kirista, domin jawo hankalin duniya ga wannan cuta.

To amma a Nijeriya haɗin guiwar addinan biyu ta kan mumbari ya biyo. A shekarar 2009 aka kafa ƙungiyar NIFAA ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Akbishop John Onaiyekan, wadda ta horar da limamai da fastoci su riƙa faɗakarwa game da gidan sauro. A wannan shekarar ce kuma aka raba miliyoyin gidajen sauro masu magani a Jihar Kano, biyu ga kowane gida.

A ganin wannan nazari, dalilai biyu ne ke sa taron waƙa na haɗin addinai ya yi wuya a cikin ganuwa. Na farko, mazauna cikin birni kusan dukkansu Musulmi ne, Kiristoci kuwa sun fi yawa a Sabon Gari tun zamanin Turawa, saboda haka zaɓen filin taro ma magana ce. Na biyu ya fi nauyi. Tun bayan ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, taron kiɗa mai cakuɗa maza da mata ya zama abin tuhuma, kuma attajirin da zai bayar da sadakar magani da daɗin rai zai yi nauyin a gan shi yana liƙi a gaban makaɗi. Wannan bai hana waƙa shiga gidaje ba, domin rediyo na kai ta har ɗakin matan kulle, waɗanda su ne ke ɗaura wa yara gidan sauro da dare. Sashe na gaba zai duba irin salon da waƙoƙin faɗakarwa na rediyo ke amfani da shi.