Nyege Nyege: yadda suwaren wani lungu na Kampala ya zama kamfanin kiɗa

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a bakin hanya ya san cewa babban kanti daga ƙaramin tebur yake farawa. To, haka labarin Nyege Nyege yake, wannan kamfanin kiɗan na'ura mai zaman kansa na ƙasar Yuganda, wanda yau ake jin kaset ɗinsa har a Turai da Amurka, alhali mafarinsa rawar dare ce a wani gidan shaƙatawa na birnin Kampala.

A shekarar 2013 ne wasu baƙi biyu mazauna Kampala, Arlen Dilsizian, ruwa biyu ɗan Girka da Armeniya, da Derek Debru ɗan ƙasar Beljik, suka fara shirya wani suware da suka raɗa wa suna Boutiq Electroniq, a gidan rawa na Tilapia. A lokacin, galibin gidajen rawa na birnin waƙoƙin da suka yi tashe a radiyo kawai suke sawa. Su kuwa sai suka ɗauko abin da aka raina: kiɗan lungunan Afirka da samari ke haɗawa a kwamfuta, kamar kuduro na Angola da balani na Mali, suka haɗa shi da makaɗan ganga na gargajiya. Jama'ar unguwa da ƴan ci-rani daga Kongo, Kenya da sauran maƙwabta suka riƙa cika wurin.

Sunan Nyege Nyege daga harshen Luganda ya fito, ma'anarsa ita ce ƙaiƙayin rawa da ke kama mutum ba shiri. Amma a harshen Suwahili kalmar nyege na nufin sha'awar jiki, kuma wannan ma'ana ta biyu ta jawo musu rigima daga baya, kamar yadda za mu gani.

Da suwaren ya kankama, a 2015 suka buɗe babban bikin kiɗa na shekara-shekara kusa da garin Jinja, inda kogin Nilu ke fita daga tafkin Biktoriya. Kwana huɗu ake yi ana kiɗa dare da rana. A ƙarshen 2016 kuma suka kafa kamfanin faifai mai suna Nyege Nyege Tapes. Dalilinsu a fili yake: kiɗan da ake yi a wurin rawa, gari na wayewa ya wuce. In ba a ɗauke shi an tsara shi an sa masa sunan mai shi ba, makaɗi ba ya da hajar da zai kai kasuwa. Suka kama gida a Kampala suka yi sitidiyo a ciki, inda mawaƙa daga ƙasashe daban-daban ke sauka su yi makonni suna aiki. Hajar kuma ana sayar da ita kaset, da faifan garmaho, da kuma ta intanet a shafin Bandcamp, ba tare da an bi ta hannun manyan kamfanonin Turai ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu, mu da muke zaɓen waƙoƙi kullum a gidan radiyo, shi ne irin kiɗan da suka zaɓa. A 2017 suka fitar da Gulu City Anthems na Otim Alpha, tsohon ɗan dambe daga arewacin Yuganda. Waƙoƙin bikin aure ne na ƙabilar Acholi, waɗanda shi da abokin aikinsa Leo Palayeng suka mayar cikin kwamfuta, domin ɗauko cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ta fi ƙarfin aljihun iyalai da yawa a yankin da yaƙi ya ɗaiɗaita. A wannan shekarar dai suka fitar da Sounds of Sisso, tarin kiɗan singeli na unguwannin talakawa na Darussalam a Tanzaniya, kiɗa mai gudun tsiya da kan haura bugu 200 a minti ɗaya. A 2018 aka buɗe reshe na biyu mai suna Hakuna Kulala, wato ba barci a harshen Suwahili. A 2020 kuma suka leƙo yankinmu na Sahel, suka fitar da Balani Fou na DJ Diaki ɗan ƙasar Mali. Mata ma ba a bar su a baya ba: DJ Kampire da MC Yallah ta wannan hanya suka fara hawa manyan dandamalin ƙetare.

Sai dai tafiyar ba ta rasa ƙaya ba. A watan Satumba na 2018, saura kwanaki kaɗan a fara biki, ministan ɗa'a na Yuganda, Simon Lokodo, ya ba da sanarwar hana shi, yana zarginsa da yaɗa tsiraici da baɗala da luwaɗi. Ba a jima ba gwamnati ta janye hanin, aka yi bikin. A 2020 annobar korona ta sa aka yi shi ta intanet kawai. A 2022 majalisar dokoki ta sake cewa a hana, amma firaminista Robinah Nabbanja ta ce a yi shi bisa wasu sharuɗɗa, aka kuwa yi a Itanda, a bakin kogin Nilu.

Me ya sa hukuma ke ja da baya duk lokacin da aka zo hanawa? Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin amsa. Dubban baƙi ke zuwa, daga cikin gida da waje, sun riga sun sayi tikiti sun kama ɗakuna. Masu otel, ƴan kabu-kabu da a can ake kira boda boda, mata masu tuyar ƙwai da gurasa, masu gasa kifi da nama, duk suna jiran waɗannan kwana huɗu. A ɗaya gefen kuma akwai shugabannin addini da iyaye masu tsoron abin da ƴaƴansu za su gani a wurin, kuma tsoronsu ba abin wasa ba ne. Har yau wannan gardama ba ta mutu ba a Yuganda.

Akwai kuma tambayar da wasu ke yi: me ya sa sai da baƙi biyu suka zo kafin duniya ta saurari kiɗan bikin Gulu da na lungunan Darussalam? Kiɗan yana nan tun kafin 2013, masu shi na yin sa a wuraren aure da suna. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ɗauke shi da kyau, ya rubuta sunan makaɗi a bayan kaset, ya sa masa farashi, ya nemo masa mai saye a nesa. Wannan aikin dillanci ne, irin wanda kowace mai tebur a kasuwa ta san kansa, kuma shi ne ya kai Otim Alpha daga rumfar biki zuwa dandamalin Turai.