Tattasai Mai Launin Tuta a Gidajen Puebla

Akwai wani tattasai a ƙasar Meziko da ya ci sunan birnin Puebla, ana ce masa poblano. Kore ne mai duhu, ya kusa tafin hannu girma, jikinsa da kauri, yajinsa kuma bai wuce ɗan cizon harshe ba, ko da yake a cikin tari ba a rasa guda ɗaya da zai sa mutum hawaye. Da yake cikinsa da fili, matan ƙasar sukan ɗura masa cuku ko niƙaƙƙen nama, su tsoma shi a ƙwai su soya. Dangin barkono ba baƙi ba ne a wannan yanki: a kwarin Tehuacán, cikin jihar Puebla ɗin, an tono alamun cinsa tun shekaru dubbai da suka wuce, kuma daga nahiyar Amurka ne jiragen Turawa suka yaɗa shi duniya bayan 1492, har tattasai da attaruhu suka iso tukwanenmu.

Ɗurarren tattasai na yau da kullum shi ne mai cuku, wanda ake zuba wa romon tumatir a ci da shinkafa da wake da gurasar masara. Ana yawan yin sa a lokacin azumin Kiristoci na kwana 40, sa'ad da mabiya Katolika ke ƙaurace wa nama ran Juma'a. Amma wanda ake ɗaga wa hula shi ne na Agusta da Satumba, mai suna chiles en nogada. Ba a yin sa a kowane wata, don kayan haɗinsa ba sa nuna sai a wannan tsakani: rumman, ƙananan tuffa, wasu 'ya'yan itacen ƙasar sanyi da suke kira pera da durazno, sai uwa uba ɗanyen nuez, wani ɗan itace mai ɓawo mai tauri da ƙwaya mai maiƙo. Mafi yawansu daga ƙauyukan gindin Popocatépetl, dutsen nan mai aman wuta, ake kawo su, irin su Calpan, inda duk shekara ake bikin wannan abinci.

Aikin yakan fara tun ana jibi, kuma daga nuez yake farawa. Bayan an fasa ɓawon, kowace ƙwaya tana sanye da wata siririyar fata mai ɗaci, wadda in aka bar ta miyar da ake yi da ƙwayar za ta yi duhu ta yi bauri. Da farce ake ɓare ta, ɗaya bayan ɗaya, a jefa cikin madara don kada ta sauya launi. Ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kaka takan zauna a bakin tebur, 'ya'ya mata da surukai da jikoki su kewaye ta, a yi ta ɓara ana hira har yatsu su yi baƙi. A nan yarinya ke jin yadda kakar kakarta take auna kirfa da kanumfari, a nan kuma ake jin wa zai yi aure, wa ya tafi Amurka neman kuɗi bai aiko ba. A ganina wannan zama shi ne ƙashin bayan al'adar. Yanzu ana sayar da ɓararriyar ƙwaya a kasuwa, kuma ba za a ga laifin ma'aikaciyar da ta saya ba, sai dai duk gidan da ya koma saye ya yi asarar wannan hira.

Shi kuwa tattasan, babbaka shi ake yi a kan harshen wuta ko a kaskon gasa gurasa, ana juyawa har fatarsa ta yi bororo ta ƙone. Sai a ƙulle shi a leda ko a rufe da ƙyalle ya yi gumi, fatar ta saki, a saɓule ta da yatsa. A tsaga gefe ɗaya kawai, a kwashe 'ya'yan da jijiyoyin a hankali, a bar hancin yadda yake. Wadda ta yaga tattasai biyu a jere, akan mayar da ita wajen yanka albasa.

Abin ɗurawar niƙaƙƙen nama ne, a gidaje da yawa na shanu haɗe da na alade, wasu kuma na shanu zalla, a soya da albasa da tafarnuwa da tumatir, sannan a zuba yankakkun 'ya'yan itacen da zabibi da agada. Zaƙi da gishiri a tukunya ɗaya, abin da baƙo kan yi wa kallon mamaki kafin ya ɗanɗana. A da ana ƙara acitrón, wata alewa da ake yi da jikin wani tsiron hamada mai ƙaya, amma da tsiron ya fara ƙarewa hukuma ta hana sare shi, mata suka koma amfani da busasshiyar abarba da makamantanta. Miyar kuma farar ƙwayar nan ce ake niƙawa da madara da ɗanyen cuku da ɗan sukari, ba a ɗora ta a wuta.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa: a tsoma tattasan a ƙwai ko a bar shi tsirara? Mutanen Puebla sun tsaya kai da fata cewa sai an barbaɗa masa fulawa, an buga farin ƙwai ya yi kumfa, an haɗa da gwaiduwa, an soya shi a ciki. A babban birnin ƙasar da yawa ba sa yin haka, suna cewa maiƙon ya yi yawa.

Idan aka jera shi a farantin tangaran na Talavera, wanda Puebla ta yi suna da shi, aka kwarara farar miya, aka watsa jajayen 'ya'yan rumman da koren ganyen perejil, sai ga launukan tutar Meziko sun bayyana. Labarin da ake bai wa yara shi ne, mata masu zaman zuhudu a gidan ibada na Santa Mónica ne suka ƙirƙiro shi a watan Agusta na 1821, don karrama Agustín de Iturbide bayan ya sa hannu a yarjejeniyar Córdoba da ta kai ga 'yancin ƙasar daga Sifen. Masana tarihi da dama suna ganin girkin ya girmi labarin, amma hakan bai hana kowa ci da alfahari ba, musamman daren 15 ga Satumba, lokacin da ake tuna kiran tawaye da limamin coci Miguel Hidalgo ya yi a 1810.

Babban abincin yini a Meziko tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana ake cin sa. Kowa tattasai ɗaya ake sa masa, don yana da nauyi, kuma ba da zafi ake ci ba. Bayan an cinye ba a tashi; akan zauna a bakin tebur ana shan kofi ana taɗi har yamma ta yi. Uwar gida kuwa tun farko takan ɗura fiye da yawan mutanen da ta gayyata, domin in baƙi za su tafi sai ta ƙunsa wa kowa nasa, ta kuma aika wa tsofaffin dangi da ba su samu zuwa ba.