Ciwon wuya ya wuce, yarinya ta sauya

Da zarar hunturu ya kankama a ƙasar Makarfi da Kudan, ana saran rake ana dafa mazarƙwaila, sai ciwon wuya ya shiga gidaje. Yara suna kwana a cunkushe saboda sanyi, ƙofa a rufe, wannan ya yi tari wancan ya shaƙa. Haka abin yake a Hunkuyi, haka yake a Paki da cikin garin Ikara. Mafi yawan wannan ciwo mura ce kawai, kwana kaɗan ta tafi. Amma a cikin kowane yara 10 masu ciwon maƙogwaro, kimanin 2 zuwa 3 wata ƙwayar cuta ce ta kama su, wadda likitoci ke kira sitireb rukunin A. Ita kuwa takan bar baya da ƙura.

A ɗauka yarinya ce 'yar shekara tara. Ta yi zazzaɓi da wuyar haɗiye abinci, an sayo mata ƙwayoyi na kwana biyu a kemis, ta warke, an manta. Bayan wata biyu sai ta fara sakin kwano yana faɗuwa. Rubutunta ya lalace, malami ya ce wasa ya yi mata yawa. Ba ta iya zama wuri ɗaya, kafaɗa na fizga, fuska na yamutsewa, ga kuka ba dalili. Ko kuma ta tashi wata safiya da waswasi: ta yi alwala ta sake, ta wanke hannu har fata ta tsage, ta ƙi abinci wai akwai ƙazanta a ciki, ta liƙe wa uwarta ko banɗaki ba ta bari ta je ita kaɗai. A yawancin gidaje fassarar da za ta fara zuwa baki ita ce shafar aljanu ko sammu, kuma da wuya a samu wanda zai tuna da ciwon wuyan nan.

Likitoci sun daɗe da sanin rabin wannan labari. Tun a 1686 wani likitan Ingila, Thomas Sydenham, ya siffanta yara masu wannan fizge-fizge kamar masu rawa ba kiɗa, shi ya sa ciwon ke ɗauke da sunansa har yau. Ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, kuma ya fi yawa ga 'yan mata. Yakan bayyana wata ɗaya zuwa shida bayan ciwon wuya. Yana da alamomi masu sauƙin gani: idan aka ce yarinya ta damƙe yatsun likita, sai ta riƙa matsewa tana saki kamar mai tatsar nono; idan aka ce ta zaro harshe ta riƙe, sai ya riƙa komawa ciki. Da ta yi barci kuwa, jiki ya lafa.

Dalilin abin mamaki ne. Ƙwayar cutar ba ta shiga ƙwaƙwalwa. Fatarta ce ke kama da wasu sassan jikin mutum, saboda haka sojojin da garkuwar jiki ta tanada domin yaƙarta sai su ruɗe su afka wa na gida: gaɓoɓi, ƙofofin zuciya, da wani curin jijiyoyi a can tsakiyar ƙwaƙwalwa mai kula da motsi da ɗabi'un da mutum ke maimaitawa.

Ɗaya rabin labarin sabo ne. Dakta Susan Swedo da abokan aikinta a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka sun lura cewa yara da yawa masu rawar Sydenham suna fama da waswasi. Daga nan suka ci karo da wasu yaran da waswasi ko ƙyafce-ƙyafcen ido da gyaran murya ke faɗo musu dare ɗaya bayan sitireb, ba tare da cikakkiyar rawar ba. A 1998 suka wallafa bayanin yara 50 na farko, suka raɗa wa abin suna PANDAS. A 2012 aka faɗaɗa shi zuwa PANS, domin a haɗa da yaran da ba a tabbatar sitireb ne sila ba. Har gobe masana na gardama a kansa, domin babu gwajin jini guda da ke tabbatar da shi. Gwajin ASO da ake yi a ɗakunan gwaje-gwaje yana nuna yaro ya gamu da ƙwayar a baya-bayan nan ne kawai, kuma yara lafiyayyu bila adadin za su nuna haka a lokacin sanyi.

Magani ma ya biyo sawun gardamar. Abin da aka haɗu a kai shi ne: idan akwai sitireb a wuya a kashe shi da fenisilin ko amoksisilin, waswasin kuma a tunkare shi kamar kowane waswasi. Mai ilimin halayyar ɗan Adam yana koya wa yaro fuskantar abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, ya taɓa ƙofa ya daure bai ruga wanke hannu ba, har tsoron ya yi sanyi. Idan ya yi tsanani likitan ƙwaƙwalwa kan ƙara da magani, ya fara da ɗan kaɗan. Wasu likitocin kan ba da magungunan rage kumburi na ɗan lokaci. Sai kuma masu tsadar gaske, wato ƙarin ruwan garkuwar jiki ta jijiya da tace jini. Wani ƙaramin gwaji a 1999 ya nuna sun taimaka, amma wani a 2016, kan yara 35, bai ga bambanci mai ƙwari tsakanin ruwan garkuwar da ruwan da ba magani a ciki ba. Duk uban da aka ce ya sayar da gona saboda wannan ya kamata ya san haka. Cire ƙullutun maƙogwaro a asibiti ma ba a ga ya hana ciwon dawowa ba, balle askar wanzami a kan beli, wadda ba ta taɓa ƙwayar cutar, sai dai ta ƙara zubar jini da buɗe wa wata cutar ƙofa.

Ga mutumin Ikara ko Kudan, gardamar Amurka ba ita ce abin damuwa na farko ba. Zuciya ce. Rawar Sydenham reshe ce ta zazzaɓin gaɓoɓi, wanda kan sa gwiwa ta kumbura yau, gobe ciwon ya koma idon sawu, a ce sanyi ne ko amosanin jini. Rawar kan tafi cikin 'yan watanni, kuma akwai magungunan da ke kwantar da ita. Ƙofar zuciyar da ta lalace sosai kuwa ba ta komawa daidai, kuma duk sabon ciwon wuyan sitireb na iya ƙara mata rauni, har ranar da budurwa za ta kasa hawa tudu, ko numfashi ya gagare ta a cikinta na fari. Wannan ciwon zuciya na kashe sama da mutum 300,000 a duniya kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe matalauta, abin da ya sa babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a 2018.

Rigakafin ba shi da tsada, naci yake so. Ciwon wuyan sitireb yana da kamanni: zazzaɓi farat ɗaya, zafin haɗiya, farin mugunya a maƙogwaro, kaluluwa a wuya, galibi babu tari babu majina. Maganinsa kwana 10 ne cur, ko allura guda ta fenisilin mai daɗewa a jiki. Sayen na kwana biyu saboda kuɗin da ke hannu ke nan yana sauke zazzaɓi ne ya bar ƙwayar. Wanda kuma ya riga ya yi zazzaɓin gaɓoɓi ko rawar, allurar nan ce duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, sau da yawa har ya kai shekara 21 da haihuwa ko fiye. Tana da zafi, kuma dole a fara tambaya ko jikin yaro na ƙin fenisilin. Amma tana aiki. A Gulu da ke arewacin Yuganda an gwada ta kan yara kusan 800 masu ɓoyayyen ciwon zuciyar: bayan shekara biyu, ciwon ya ci gaba a jikin kashi 8.2 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa ba, a masu allura kuwa kashi 0.8.

Ba duk fizga ce daga sitireb ba. Farfaɗiya na nan, wasu magungunan hana amai ma kan karkatar da wuya su juya ido. Idan da zazzaɓi mai zafi, sanƙarewar wuya ko suma, wannan ba abin jiran gobe ba ne, ana tsoron sanƙarau ko maleriyar da ta hau kai.

Babu wanda zai hana iyaye addu'a da tofi, ba a kuma buƙatar hanawa. Abin da ke cutarwa shi ne watannin da kan tafi ana hayaƙi da ɗaure yarinya, ko ana dukanta wai iskanci ne, alhali babban asibitin Makarfi ko na Ikara yana kusa, kuma daga nan ana iya tura ta asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a yi mata hoton zuciya. Mai zuwa ya riƙo abu uku da za su sauƙaƙa wa likita: ɗan bidiyon motsin a waya, domin yaro kan natsu a gaban baƙo, littafin makaranta mai ɗauke da rubutun kafin ciwon da na bayansa, da amsar tambayar da za a yi, ko a hunturun da ya wuce ta yi ciwon wuya, da kwana nawa ta sha magani.